Ki Nuna Musu Hannun Nan, Ɗiyata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaishe ki, ɗiyata, gaisuwar uban da ke zaune a shago amma hankalinsa ya riga ki isa filin jirgi. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya. Allah Ya tsare jirgin da ya ɗauke ki, Ya sauke ki a Tunisiya cikin aminci, Ya haɗa ki da mutanen kirki a duk garin da wasan tanis zai kai ki. Amin.

Da safe nake rubutun nan, na buɗe shago, layinmu na 116 a nan Harlem bai gama farkawa ba, sai mai gasa burodin nan ɗan Senegal da ke ta jan ƙofarsa. Zan ba mahaifiyarki, Neni kamar yadda kuke kiranta da harshensu na Madagaska, ta cusa miki ita cikin jakar raket, don na san ita kaɗai ce jakar da ba kya yarda ta yi nisa da ke. Da Hausa na rubuta kuma da gangan. Na san Turanci ya fi miki sauƙi, tun kina ƙarama ina miki Hausa kina mayar mini da Turanci. To ni a Turanci ɗan kasuwa ne kawai, na iya faɗin farashi, na iya cewa a dawo gobe, shi ke nan. Maganar da ke cikina ba za ta fita ta can ba. Ki karanta a bayyane, a hankali, kunnenki zai gane abin da idonki ya kasa.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Na ga hannun. Wuyan hannunki na dama, wanda kike riƙe raket da shi. Ranar Juma'a da muka yi miki walimar bankwana, Neni ta ce ki sauke tukunyar shinkafa. Kika miƙa na dama, sai kika janye shi kamar kin taɓa wuta, kika ɗauka da hagu kina tokare ta da ƙugu. Da matar Alhaji Isufu, maƙwabcina na shago, ta kama hannun tana jijjigawa tana sa miki albarka, kin yi dariya, amma na ga kin cije leɓe. Ledar koren waken nan kuma ta cikin firiza, wadda nake tararwa ta narke an mayar, ai na san ba ɓera ke ɗora ta a hannu ba.

Da baƙi suka watse na tare ki a bakin ƙofar ɗaki na ce, "Ke, lafiya dai ko?" Kika ce lafiya lau, Baba. Na ce to madalla, na wuce. Kin ji uba! Neni ta bi ni da harara har falo, ta ce, "Lawali, wannan ita ce maganar da ka ce za ka yi mata?" 

Ga abin da ke hana ni sukuni. Wannan ce fitarki ta farko a matsayin ƙwararriya, gasa bayan gasa, mako bayan mako, ba hutu. Ni ba likita ba ne, amma na ga yaran da suka buga a kan ciwon wuyan hannu har ya zame musu na dindindin, yanzu ko murfin kwalba sai an buɗe musu. Madam Lala, kocin da mutanen Madagaska suka haɗa ki da ita, ba ta san da ciwon nan ba. Da ta sani da ba ta bar ki kin yi atisayen da kika yi a makon nan ba. Ina so ki gaya mata kafin ki shiga fili. Kuma na san ba za ki so ba, don na san wanda ya koya miki ɓoye ciwo. Ni ne.

Kin tuna gasarki ta farko ta yara a Bronx? Kila ba ki tuna sosai ba, raket ɗin ma ya kusa kai tsawonki. Tsohon raket ne da wata mata ta manta a shago ba ta dawo ba, kika yi ta dukan bangon filin wasa na bayan layinmu da shi har maƙwabta suka san ƙararki. A gasar nan kin bi ƙwallo da gudu, ƙafa ta gurɗe, kika faɗi. Kika ɗago kai kina nemana, hawaye ya cika ido yana jiran izini. Iyayen wasu da tuni sun ruga cikin fili. Ni kuwa daga bayan wayar da ta kewaye filin na daka miki tsawa na ce, "Tashi! Jinin Damagaram ba ya kuka a gaban mutane." Kika haɗiye, kika tashi, kika ƙarasa kina ɗingishi, kuma kika ci. Wayyo daɗi ya kashe ni. Na saya miki askirim mafi girma a motar mai askirim, na kai labarin masallaci ina ta ba da shi kamar ni na buga. Washegari idon sawunki ya kumbura ya yi kamar gwanda, Neni ta ɗauke ki zuwa asibiti. Abin da ta faɗa mini da Faransanci ranar nan ba zan rubuta shi a takardar da na fara da sallama ba. Amma ke abin da kika koya shi ne, in kin yi shiru da ciwo Baba zai saya miki askirim.

Ni ma haka na yi wa kaina, kuma kina ganin inda ya kai ni. Shekarun da nake da tebur a bakin titi, kafin Allah Ya ba ni shago, kullum sai na ɗauko buhunan jakunkuna da huluna daga ɗakin ƙasa in hau matakala da su, da yamma in mayar. Baya ya fara yi mini magana. Alhaji Isufu ya ce, "Lawali, je asibiti, bayan nan naka ba na haya ba ne." Na ce haba Alhaji, namiji da ɗan ciwon baya? Na ɗaure da rawani na ci gaba. Yau a kan kujera nake salla, a ƙarshen sahu, tare da tsofaffin da suka haife ni. Kin sha ganina ta ƙofar mata. Ba wanda ya ba ni lambar yabo don na daure, kuma buhunan da na ɗauka ko ɗaya ban tuna abin da ke cikinsa ba.

Saboda haka ki ji. Jikinki shi ne shagonki, ba ki da wani. Ciwo iri biyu ne a sana'arku, ke kin fi ni sani: akwai na gajiya wanda barci ke tafiya da shi, akwai wanda ke nan da safe yana jiranki. Na biyun ba a yi masa jarumta. In ya zo, a faɗa wa wanda ya san aikin, da wuri, tun yana ƙarami.

Kuskurena na biyu har yanzu in na tuna sai in ji kunya da dariya sun haɗu mini. Kin san dokar gasar yara, ba a yarda iyaye su gaya wa ɗan wasa abin da zai yi ana cikin wasa. Na ce a raina, to wa zai ji Hausa a nan? Sai na ƙirƙiro dabara. In tsaya a bayan waya da carbi a hannu, in ɗaga tafuka sama kamar mai roƙon Allah, in ce da ƙarfi, "Bugi hagunta, hagunta ba ƙarfi, amin! Matso raga, ta gaji, amin!" Iyayen Turawa har matsa mini suke yi don kada su katse mini ibada. Wata tsohuwa ma ta taɓa dafa ƙirji ta ce addinina ya burge ta. Astagfirullah. Mun daɗe muna haka, ke kina ji, ni ina jin kaina wani babban koci, alhali ban taɓa buga ƙwallon nan ta tsallake raga sau biyu a jere ba.

Har ranar da muka je gasa a Staten Island, kusa da Port Richmond. Alƙalin da ke zagaya filaye wani baƙin mutum ne mai furfura, da tabarau, na ɗauka ɗan Jamaika ne. Ina tsakiyar addu'ata sai na ji murya a bayan kunnena: "Alaji, wannan addu'a wane malam ya ba ka?" Na juyo, sai ga alƙalin nan. Ashe ɗan zangon Kumasi ne. Ya ce da Hausarsu ta Gana wadda mace ma namiji ce, "Ƙyale yarinya shi buga wasan shi. Zo ka zauna waje." Ya raka ni har bayan ginin, inda ba na ganin fili sai ta wata 'yar kafa.

Ta kafar nan na ga abin da na yi miki. Yarinyar da kike bugawa da ita ba ta kai ki ba, wallahi ba ta kai ki ba. Amma duk ƙwallon da ta mutu sai ki juya ki dubi wurin da nake tsayawa. Ba kowa, sai waya. Ki sake bugawa, ki sake juyowa. Kin san wasan fiye da ni sau dubu, amma na saba miki da cewa amsar tana bakina. Haka kika yi ta juyowa har aka cinye ki.

To yanzu babu ni a bayan waya, kuma gara haka. Madam Lala ta buga wasan nan a ƙasashe da yawa kafin ta zama koci, ki saurare ta a wurin atisaye da kunne biyu. Amma in kin shiga fili ke kaɗai ce, ki yarda da abin da idonki ya gani da abin da jikinki ya gaya miki. Kada ki sake neman fuskar kowa don ki san ko kin yi daidai. Maganar hannun nan ma haka take. Kada ki tsaya lissafin me Baba zai ce, ke kike jin zafin.

A ranar Staten Island ɗin nan dai na yi kuskure na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Mun shiga jirgin ruwan da ke dawo da mutane Manhattan. Iska na kaɗawa, kina zaune kusa da ni da jaka a kan cinya, ba ki ci komai ba tun safe. Ban ce miki uffan ba. Can sai kika ce, da Hausa, ke da ba kya yi mini Hausa, "Baba, ka yi fushi da ni?" Na ce a'a, na ci gaba da kallon ruwa. Wallahi tallahi ba da ke nake fushi ba. Kunyar kaina ce ta shaƙe ni, an kama dattijo da carbi yana maguɗi. Amma ina yarinya za ta san haka? Ke dai kin ga an cinye ki, kuma ubanki ya daina magana.

Daga nan abin ya zama mana al'ada ba tare da na lura ba. In kin ci, mu biya wurin mai dibi, gashin naman 'yan Senegal, a layinmu, in sa a yanka mana gasasshen rago da albasa, ina ta surutu ina gaisawa da kowa. In an cinye ki, mu sauka daga jirgin ƙasa mu wuce gida kai tsaye, ni a gaba ke a baya. A raina cewa nake ba na son in dame ki da magana kina cikin baƙin ciki. Ban taɓa tunanin yunwa ɗaya ce ke kama wanda ya ci da wanda aka cinye ba. Neni ce ke sa miki abinci a ɗaki, ta zauna a bakin gado har ki ci.

Madam Lala ta gaya mini wata magana da ta tsaya mini. Ta ce a sana'ar nan kowace gasa mutum ɗaya ne ke fita ba a cinye shi ba, sauran duka da kaye suke komawa masauki, har da gwanayen. Ashe abin da kika zaɓa ke nan, aikin da za a riƙa kayar da ke kusan kowane mako kuma ki tashi ki shirya kaya zuwa gari na gaba. In kika ɗauki shirun nan nawa kika tafi da shi, kika riƙa yi wa kanki a ɗakin otal, ba za ki kai shekara ba. Ranar da aka cinye ki, ki yi wanka, ki yi salla, ki fita ki ci abinci mai kyau, wanda ya fi na ranar nasara ma. Ki zauna da sauran 'yan matan, har wadda ta kayar da ke, ita ma 'yar wani ce da ta baro gida. Kuma ki kira Neni, ko ba ki da abin faɗa. Ta iya shirun da ke warkarwa, ni nawa na ƙara ciwo ne.

Sai maganar tuta. Na san kin ɗauka na manta, ko kuma na ɗauka kin manta. Bayan kin je hutu Madagaska da Neni kin buga da yaransu, mutanen can suka aiko suna so ki riƙa buga wa ƙasarsu. Kika amsa. Ni kuwa na kumbura. Ina so a ce ɗiyar Lawali ta ɗaga tutar Nijar, alhali ba wanda ya kira ki daga can, ni ma ban san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba. A masallaci aka samu abin tsokana. Wannan ya ce, "Lawali, ashe ɗiyar ta bi dangin uwa?" Wancan ya ce, "Madagaska kuma a ina take, bayan Legas?" Ina dariya a waje, a raina kuwa haushi nake ji.

Ranar da rigar ta iso, mai fari da ja da kore, kin sa ta kin sauko har shago, kika tsaya a bakin ƙofa kina murmushi kina jira. Na ɗago na dube ki, na ce, "Ta yi miki yawa a kafaɗa." Na ci gaba da jera huluna. Kika tsaya kaɗan, kika juya. Daga baya Neni ta ce mini kin ce mata, za ki nuna wa Baba ba ki yi kuskure ba. Ina jin tsoron wannan maganar ce ke riƙe da bakinki yanzu. Kina ganin in kika ce hannu na ciwo tun kafin wasan farko, zan ce ai ga shi nan.

Ba abin da za ki nuna mini. Ba ki yi kuskure ba, ni na yi. Wa ya riƙa tashi da asuba yana dafa miki shinkafa kafin atisaye, ya wuce wurin aikinsa na kula da tsofaffi, ya dawo ya wanke miki kayan wasa? Neni ce. Matar nan ta baro tsibirinsu ita kaɗai, ta zauna cikin Hausawa da 'yan Senegal, ta koyi tuƙa tuwo don ni, ta koyi gaisuwarmu mai tsawo har ta fi ni. Ba ta taɓa cewa a ba ta komai ba. In ƙasarta ta samu ɗiyarta, ai an yi adalci. Ke 'yar Madagaska ce kamar yadda kike 'yar Damagaram, ki sa rigar nan da ƙarfin zuciya. In kin haɗu da sauran 'yan wasansu kada ki zame musu 'yar Amurka mai gyara wa kowa zama. Ki yi musu harshen uwarki ko da a karye ne, su yi miki dariya, ba komai. In sun ba ki ruwan ƙanzon shinkafar nan da suke sha bayan abinci, ki sha, ban da yatsine fuskar da kike yi wa Neni. Kuma ki riƙe musu gaskiya. Mutanen da suka ba ki tutarsu don shekaru suka ba ki, ba don mako ɗaya ba, ɓoye musu ciwo cin amana ne.

Akwai abin da ke ƙarƙashin duk waɗannan, wanda ya kamata in bayyana miki tun kina ƙarama. Wata rana kina firamare kin tambayi Neni, me ya sa Baba yake kiran ƙanwarki Amina da sunanta, yana ɗora ta a wuya, ke kuwa sai dai "ke", ko "yarinyar nan"? Neni ta kawo mini maganar ranta a ɓace. Na yi dariya na ce ai za ta gane in ta girma. Wa zai ganar da ke? A Harlem?

A wurinmu ana jin kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya wasa da shi. Ni ɗan fari ne. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, har ya koma ga Allah ban ji sunana a bakinsa ba. Ranar da zan bar Damagaram ko tasha bai raka ni ba, yana zaune a ƙofar gida yana gyara igiyar guga, ya ce, "A sauka lafiya," bai ɗago ba. Kuma ban ji haushi ba ko kaɗan, don duk garin sun san ma'anar wannan. Kakata tana nan tana gaya mini, gwaggona tana nan, maƙwabta suna tsokanarsa a gabana har ya tashi ya bar wurin. Kowa ya san wanda ake kauda kai daga gare shi, shi ne ya fi shiga rai. Sai na ɗauko al'adar na kawo ta nan, na baro mutanen da ke fassara ta a can. Kika tashi kina ganin iyayen abokanki suna rungume 'ya'yansu a bakin fili ko sun ci ko ba su ci ba, naki uban kuwa yana kallon gefe. Dole ki ɗauka sai da kofi ake sayen fara'ata.

Da kin san abin da nake yi a bayan idonki! Ki tambayi Alhaji Isufu. Duk wanda ya shigo sayen hula sai ya kalli wasanki a wayata, ko yana so ko ba ya so. Akwai wani direban tasi ɗan Maraɗi da ya daina biyowa ta layin saboda ni. Alhaji ya ce, "Lawali, mu ka ishe mu da labarinta, ita kuma ko sannu ba ka ce mata. Wannan wace irin kunya ce, ta mahaukata?" Rigar nan da na ce ta yi miki yawa, da kika bar ta a kan kujera na ɗauke ta na kai wa tela Usmanu ya gani, ba don ya rage ba, don dai in ce masa ta ɗiyata ce.

Ban iya faɗa da baki ba, harshena ya riga ya ƙage. Amma alƙalami ba shi da kunya, bari in gwada da shi. Balkisa. Balkisa, ɗiyata ta fari. Kin ga na rubuta, kuma rufin shago bai faɗo ba. Ina son ki tun ranar da ma'aikaciyar asibiti ta miƙo mini ke na ƙi karɓa a gaban mutane, na fita waje na yi kuka a wurin ajiye motoci. Ba ki buga komai ba a lokacin, ba ki ci kowa ba.

To, Balkisa, ga roƙona. Ban gaya wa Madam Lala ba, ko da yake lambarta na cikin wayata kuma na ɗauko ta na ajiye ya fi a ƙirga. Na hana Neni ma. Na gaji da yi miki magana daga bayan waya. Ke ce ƙwararriya yanzu, hannunki ne, bakinki ne zai faɗa. Da kun sauka kun ajiye kaya, kafin ki taɓa raket, ki same ta ki ce, "Madam, hannuna yana ciwo, ya daɗe, na ɓoye." Ki bar likitan gasar ya duba. Kila ya ce abu kaɗan ne, ya ɗaure, ki buga. Kila ya ce ki huta mako biyu ko wata. Kila Madam Lala ta yi faɗa, kuma tana da gaskiya, ki sunkuyar da kai ki karɓa. Na san abin da kike tsoro, kada a ce sabuwar yarinyar ta zo da raki, kada a ba wata gurbinki, kada makin da kike nema ya wuce ki. Zai iya faruwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma gasa tana dawowa kowace shekara, kuma shekarunki ba su kai ashirin ba.

In an ce ki dawo gida ba ki buga ko ƙwallo ɗaya ba, ki dawo. Kada ki tsaya tsara yadda za ki gaya mini. Zan rufe shago da rana tsaka in zo filin jirgi da kaina, in tsaya a gaba inda kowa zai gan ni, in kira sunanki da ƙarfi. In muryata ta shaƙe, ki yi haƙuri da tsohonki, farkon koyo ne.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Allah Ya tsare ki daga mugun ji da mugun gani, da masu daɗin baki, da kaɗaicin baƙon wuri. Ya ba ki ƙarfin faɗin gaskiya a lokacin da take da nauyi. Ya sa ki gama da duniya lafiya, Ya dawo mana da ke cikin aminci. Neni tana gaishe ki, Amina ta ce ki kawo mata dabino. Ni ba na son tsaraba. Hannun nan nake so ki dawo mini da shi lafiya, da kofi ko babu.

Wassalam.

Babanki,
Lawali